Shinkafar da Kabtin Bai Ci Ba

Ku yi mini afuwa tun kafin ku fara karantawa. Ni ba marubuciya ba ce, karatun littattafan mutane kawai na iya, Hausar tawa kuma ta cikin ɗaki ce, wadda Larabci ya daɗe yana yi wa kutse. Na jima ina jujjuya labarin nan a raina ina jin kunyar fito da shi. Inda na yi tuntuɓe, don Allah a ɗauke kai.

Ranar Juma'ar da Kabtin Mukhtaru zai bar Makka, tun da hantsi Kabira ta shirya wa mahaifiyarta magana. Ta ce ƙawarta Haifa ce ta roƙe ta ta je unguwar Rusaifa ta taya ta girki, za su yi baƙi. Ba ƙarya ta yi ba, sunan baƙon kawai ta haɗiye. A ɗakinsu na unguwar Shisha ba a ambaton Mukhtaru tun ranar da aka kama Hafizu.

Hafizu yayanta ne. A Makka aka haife su su biyun, amma babu mai igama a cikinsu, wato takardar izinin zama, domin iyayensu Hajji suka zo suka yi zamansu. Uban ya rasu suna ƙanana. Hafizu ya tashi ƙato, mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana, yana tura tsofaffi a keken guragu a Harami. A wajen wannan aiki ya haɗu da Mukhtaru, mutumin Kano da ya zo Umra shekaru da dama da suka wuce bai koma ba.

Mukhtaru ya taɓa buga zari-ruga a makaranta, wasan nan da ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, kuma ciwon wasan bai sake shi ba. Wata rana ya zo wa samarin da wata ƙwallo mai kama da ƙwan jimina da aka zauna a kai. Suka yi ta dariya. Shi dai ya ce duk mai jin ƙarfi ya same shi a Muzdalifa ranar Alhamis bayan La'asar.

Wanda ya san Muzdalifa a daren alhazai kaɗai ba zai gane ta a sauran shekara ba. Fili ne fetal, ga fitilu a tsaye ba kowa a ƙarƙashinsu, ga layukan banɗakuna a kulle, sai iska da maguna. A wani gefe mai yashi Mukhtaru ya ja layi da ƙafarsa. Nan masu tura keke da masu dako da 'ya'yan Hausawan da suka zama 'yan ƙasa suka yi shekaru suna kayar da juna. Suna kiransa Kabtin, yadda ake kiran duk mai koyar da wasa a ƙasar.

Kabira ta ga kusan duk wasannin nan ta gilashin mota. Nawaf, yayan Haifa, yakan ɗebo su ya ajiye motar nesa kaɗan, su zauna a ciki da shayi a fulas da littafin da Kabira take buɗewa ba ta karantawa. Ba ta taɓa yin ihu ba. In Hafizu ya rungumi ƙwallo ya keta mutane, sai ta danne bakinta da bakin mayafi har ya dire ta a bayan layi.

Sai aka gayyace su Jidda, su kara da ma'aikatan wani kamfani. Zuwa Jidda ga marar takarda kasada ce, saboda shingen bincike da ke kan babbar hanya. Sun tafi ta ɓarauniyar hanya, sun yi wasa, har sun ci. Amma Hafizu ya gurɗe a kafaɗa, Kabtin ya ga ba zai iya jure gargadar hanyar duwatsu ba, ya saka shi a tasi ya ce a bi da shi ta kwalta, ai yamma ta yi, masu bincike sun gaji. Ba su gaji ba. Aka sauke Hafizu, aka ɗauki hoton yatsunsa, bayan 'yan makonni aka saka shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba sai a bakin mutane.

Da farko yana kira. Daga baya kiran ya ja baya. Na ƙarshe ya zo kafin azumi, Kabira ce ta ɗauka, mahaifiyarsu tana wajen aikin wanke-wanke. Muryarsa ta dushe. Ya ce dangin da aka kwatanta masa sun ce ba su san zancen ba. Ya ce yanzu yana Funtuwa, yana dako a babbar tasha, yana kwana a rumfar wani mai shayi da ake kira Zali, da wayarsa ma yake kiran. Ya ce kada ta gaya wa Umma. Ta cika alkawari, ta ce wa Umma yana gidan kawunsu lafiya lau. Bayan sallah ta nemi lambar, aka ce a kashe take, kuma ba ta sake shiga ba.

Don haka da ta ji Kabtin ya gaji da ɓuya, zai miƙa kansa gidan tasfir, inda ake tsare marasa takarda, a mai da shi gida, sai ta ga wata 'yar ƙofa ta buɗe. Shi ne mutum ɗaya da ya san fuskar Hafizu kuma zai taka ƙasar da Hafizu yake. Abin da za ta faɗa masa bai fi numfashi ɗaya ba: Funtuwa, babbar tasha, rumfar Zali mai shayi. Ta kwafi lambarsa daga wayar Haifa, ta danna ta kashe ya fi a ƙirga. Yaya za ta fara? Da gaisuwa, ga mutumin da ta ɗauke wa kai a hanya fiye da shekara? Ta yanke shawarar ta bari sai ranar walima. In ta miƙa tire a bakin ƙofa, ta faɗa da sauri ta juya.

Nawaf ne ya shirya walimar a saman benensu, kuma ya hana kowa ya gaya wa Kabtin. So yake a ba shi mamaki. An bar wa Dauda direba, abokin Kabtin na kusa, ya san dabarar da zai kawo shi bayan La'asar.

Aka dafa shinkafa buhari tukunya guda, aka sayo tsire, wanda Larabawan garin suka karɓa suka mai da shi nasu. Da aka idar da La'asar samari suka fara hawowa, aka shimfiɗa dardumai a inuwar tankin ruwa. Kabira da Haifa suka zauna a matakalar ƙarshe, bayan ƙofar da aka bari a ɗan buɗe. Ta tsagar ƙofar Kabira tana hango gefen darduma da ƙafafun mutane, da matashin da aka ajiye wa Kabtin a tsakiya.

Jira ya yi tsawo, hira ta ɓalle.

"Ni fa a gaya mini gaskiya," in ji Marwan, wani siriri mai karyayyen hanci da ya fi kowa baki a ƙungiyar. "Shekara nawa muna cin ƙasa a Muzdalifa? Me muka ci? Wasa ɗaya tak. Shi ma don waɗancan sun cika ciki da rana ne."

"Kai ka fi kowa cin ƙasar, ya shek," in ji Talal, wanda ya fi su jiki. "Ƙwallo na tahowa kana runtse ido kamar an watso maka barkono."

Aka kwashe da dariya.

"Hancin nan nawa a gidanku na karya shi?"

"A gwiwar Yunus ka karya shi, kuma ɓangarenku ɗaya!"

Nawaf ya bari dariyar ta lafa, sannan ya ce da Hausarsa mai nauyin Larabci, "Tayyib. Kafin Kabtin me kake yi ranar Alhamis, ya Marwan? Kana zaune bakin kanti kana kallon motoci. Ni wallahi kafin wasan nan ban san sunan ko mutum ɗaya cikin masu tura keke ba. Muna unguwa ɗaya, kakanninmu ɗaya, ina wuce su kamar turakun fitila."

"Yanzu da ka san sunanmu igama ta fito mana?"

"Ya ahi, bar wannan."

"A'a, tambaya na yi."

Talal ya ce shi abin da ba zai manta ba shi ne ranar farko, da Kabtin ya hana su jefa ƙwallo gaba. Duk wanda ya tashi da tamaula ƙafarsa da idonsa gaba suke kallo. Sai da suka yi wata guda Kabtin yana busa usur yana mai da su. "Yana cewa, kai mai ƙwallo, waiwaya, akwai mutum a bayanka. Har a mafarki ina jin muryar nan."

"Ranar Jidda shi ya waiwaya?" in ji Marwan.

Wani ya ajiye kofin shayi a hankali. Kabira ta ji Haifa ta kama hannunta, ta zare a hankali ta cusa cikin abaya. Ta daɗe tana jiran wani ya faɗi wannan magana a fili, yau an faɗa, kuma ba ta ji sanyin da ta zata ba.

"Don kafaɗarsa ya yi," in ji Talal can ƙasa-ƙasa. "Kana wajen. Yaron ko numfashi ba ya iya ja."

"Ina wajen. Na ce a bar shi ya kwana a Jidda. Wa ya saurare ni? Kabtin ya faɗa, halas, an gama."

"Tun daga ranar ka taɓa ganin ya yi dariya?"

"Dariyarsa za a kai wa uwar yaron?"

Nawaf ya ce a yi salati, yau ranar sallama ce ba ranar shari'a ba. Ya ɗaga waya ya kira Kabtin, aka ce a kashe take. Ya kira Dauda, Dauda ya ce ga shi a ƙofar gida.

Kabira ta miƙe tsaye. Ta gyara nikabi, ta ɗauki tiren dabino da gahawa da ta tanada tun ɗazu. Ta maimaita a zuci: Funtuwa, babbar tasha, rumfar Zali. Ta ji takun hawowa. Takun mutum ɗaya ne.

Dauda ya yi musu sallama ya wuce, dattijo ne mai furfura a gemu, yana riƙe da wata tsohuwar jakar wasanni. Kabira ta leƙa bayansa. Matakala ce kawai, har ƙasa.

"Ina Kabtin?" in ji Nawaf.

"Ya tafi."

"Ya tafi ina? Ammu Dauda, ba mu yi da kai za ka kawo shi ba?"

Dauda ya zauna, ya nemi ruwa ya sha tukuna. Ya ce tare suka yi Juma'a a Harami. Da aka sallame Kabtin ya ce masa ya jira shi, ya shiga cikin masu ɗawafi. Shi ya zaci nafila ce. Da ya fito idonsa jawur, sai ya ce, Dauda, na yi na bankwana, kai ni.

"To sai me?" in ji Nawaf. "Sai ka ce masa ya biyo ta nan ya ci abinci."

Dauda ya dube shi, ya dubi sauran. "Kun ga illar haihuwar Makka. Cikinku wa ya taɓa yin ɗawafin bankwana?"

Ba wanda ya taɓa yi. Ɗan gari ba ya yi, sai mai tafiya, su kuwa ba su taɓa yin tafiyar barin gari ba.

"In mutum ya yi shi, ya gama da garin. Ba ya komawa ya baje a darduma ya ci shinkafa har Magariba. Daga Ɗakin Allah sai hanya. Na fasa masa ƙwan, na ce yara sun yi maka girki, suna can suna jira. Sai ya ce, wanda ya yi sallama da mai gida ba ya komawa zaure ya zauna. Na ce ka zo ka ci, gobe ka sake wani ɗawafin. Ya ce, Dauda, da ƙyar na iya juya wa Ɗakin nan baya sau ɗaya, kuma ka san in suka ɗauki yatsuna ba ni ba dawowa. Kada ka sa ni in yi sau biyu."

"Da mun sani ai da jiya muka yi," in ji Talal.

"Da kun tambaya."

"Gudu ya yi," in ji Marwan, amma muryarsa ba ƙarfi. "Ba ya son haɗa ido da mu."

"Wataƙila har da wannan," in ji Dauda. "Ban shiga zuciyarsa ba."

Ya buɗe jakar. Ƙwallaye biyu ne da suka sha ɗinki, da usur mai igiya. Ya laluba aljihu ya ciro layin waya ɗan mitsitsi ya miƙa wa Nawaf, ya ce Kabtin ya ce a mayar masa da abinsa, da sunansa aka yanka, ya gode. Ya ajiye usur ɗin a kan matashin da ba kowa. Talal ya ce Marwan ya ɗauka tunda ya fi kowa sanin kuskuren koci. Marwan ya ce Allah ya kiyaye, shi da ko layi bai iya ja ba. Aka ɗan yi dariya, usur ya zauna inda yake.

Kabira tana tsaye da tire har yanzu. Haifa ta karɓe shi daga hannunta ta tura ta bakin ƙofa, wani ya ja. Aka fito da shinkafa, domin ba a zubar da abinci don baƙo bai zo ba. Ta koma ta zauna a matakala tana jin ƙarar cokula. Ina ma da ta danna lambar nan ta bar ta ta shiga, ko sau ɗaya.

Suna cikin ci Dauda ya ce, "Af, na manta. A mota ya tambaye ni wani abu ban sani ba. Ya ce wane gari ne mutanen su Hafizu suke? Ya ce in ya sauka yana so ya fara ta can."

Cokula suka tsaya.

"Kano aka kai shi," in ji Talal.

"Kowa Kano ake kai shi. Garinsu nake tambaya."

"Katsina, ina ji."

"A'a, kamar na taɓa jin ya ce Maraɗi."

"Maraɗi ai Nijar ce, ya gabi, wawa kawai."

"To ni na taɓa zuwa ne?"

Shekaru suna cusa kai a haƙarƙarin juna, suna shan ruwa a gora ɗaya, ba wanda ya taɓa tambaya. Nawaf ya ce bari a tambayi ƙanwarsa, ai tana nan tare da Haifa. Marwan ya ce a'a, a ƙyale yarinya, kada a tayar mata da mikin, kuma ko an sani yanzu wa za a gaya wa? Aka ce haka ne. Hira ta koma kan ko za a fita ranar Alhamis mai zuwa, wani ya ce zafi ya yi yawa, a bari sai an ga hali.

Haifa ta zungure ta. "Yi magana mana. In kira miki Nawaf?"

Kabira ta girgiza kai. In ta faɗa a gaban mutum goma sha, kafin Isha zancen ya isa Shisha, Umma ta ji cewa ɗanta a tasha yake kwana. Haifa ta yi tsaki na tausayi, ta kwashi kwanuka ta sauka kicin.

Rana ta yi ja a kan duwatsu. Dauda ya miƙe ya ce zai wuce, matar mai gidansa tana jira ya kai ta unguwa. Ya fito ya ja ƙofar, ya fara sauka yana dafa bango. Ya wuce ta da taki uku.

"Kawu Dauda."

Bai ji ba. Ta sake faɗa, wannan karon har ita ta tsorata da muryarta. Ya juyo.

"Na'am, 'yata. Wace ce?"

"Kabira ce. Ƙanwar Hafizu."

"Allahu akbar. Ya mahaifiyarku? Ya haƙuri?"

"Alhamdu lillahi. Kawu, can inda ka kai shi, ana ganin mutum?"

Ya ce wani lokaci in mai igama ya kai wa na ciki kaya, sukan kira shi taga a gaisa, wani lokaci kuma su karɓi kayan su ce ka tafi. Ya danganta da wanda ka tarar a ƙofa. Ya ce da ma yana da niyyar kai masa bargo ranar Lahadi, in ba a riga an kwashe su ba.

"In ka gan shi, ka ce masa ba gidan dangi zai je ba. Yaya yana Funtuwa. Babbar tasha, rumfar wani mai shayi, Zali. Kafin azumi dai yana can. Umma ba ta sani ba. Don Allah kada kowa ya ji."

Dauda ya dube ta, ya dubi ƙofar da hayaniyar samari take fitowa ta bayanta. Bai tambaye ta me ya sa ba ta faɗa tuntuni ba, ita kuwa ta gode masa a zuci saboda wannan.

"Funtuwa, babbar tasha, Zali mai shayi," ya faɗa a hankali. "Na riƙe. Amma ban yi miki alkawarin zan gan shi ba, kin ji? Alkawarin zuwa kawai na yi."

"Na ji, Kawu."

"In na gan shi in ce wa ya aiko ni?"

"Ka ce ƙanwarsa. Ka ce kuma Allah ya kai shi lafiya."

Ya gyaɗa kai ya sauka. Ta saurari takunsa har ƙofar gida ta rufu.

Aka fara kiran Magariba, masallaci yana karɓa daga masallaci. A sama samari suna ta gardamar wanda zai ja su salla, Talal yana cewa ba zai bi mai karyayyen hanci ba. A kicin Haifa tana ba mahaifiyarta labari da Larabci, famfo yana zuba. Kabira ta tsaya a bakin kicin ɗin kaɗan, ta ga duk sun ba ta baya. Ta ɗauki takalmanta a hannu don kada su yi ƙara, ta sauka, sai a ƙofar gida ta saka su. Titi ba kowa, masu kantuna sun ja ƙofofi sun tafi salla. Ta bi gefen gini ta nufi babban titi inda ake samun tasin Shisha, tun kafin wani ya ce ina Kabira.